Waƙar Guga a Bakin Tukunya

Mijin yayata mutum ne da za ka wuce shi a hanya ka rantse ba ka ga kowa ba. Gajere ne, siriri, furfura ta cinye gemun, kuma a hankali yake taka ƙasa kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. A wurin aikinmu ba mai kiran sunansa. Mai Tukunya ake ce masa, tun daga Farfesa har mai gadin ƙofa. Ni kam Mijin Yaya nake ce masa ko a gaban waye, shi kuma yana ce mini Auta, duk da furfurar da ni ma na fara ɓoyewa.

Tukunyar nan inji ce. Ƙaton tulu ne na ƙarfe mai sheƙi wanda ya fi mutum tsayi, da 'yar tagar gilashi a gefe wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ana zuƙe iskar cikinta kaf, a narka alminiyom har ya zama tururi, tururin ya tashi ya kwanta a kan ɗan faifan silikon da bai fi farce girma ba. Da haka muke ƙera 'yan ƙananan na'urori na kwamfutar kwantum, wadda aka ce wata rana za ta warware lissafin da ya gagari na yanzu. Ko za mu ga ranar, oho. Mu dai muna ta ƙerawa.

A zuciyar kowace na'ura akwai shimfiɗa biyu na alminiyom, da bango a tsakaninsu. Bangon nan tsatsa ce kawai. Idan shimfiɗar farko ta kwanta, sai Mai Tukunya ya buɗe famfo da hannunsa, iskar oksijin ta shiga kaɗan ta lashi fuskar ƙarfen, tsatsa ta fito sirara yadda ido ba zai taɓa gani ba. Sai ya rufe famfon, ya kwantar da shimfiɗa ta biyu a kai. Idan ya rufe da wuri bango ya yi siranta, idan ya yi jinkiri ya yi kauri. Duk sirrin aikin yana tsakanin buɗewa da rufewar nan.

Nawa aikin a ƙasa yake, a ɗakin firji. Firjinmu faya-fayai ne masu ruwan zinariya da aka rataye ɗaya ƙarƙashin ɗaya, wayoyi na sauka a jikinsu, kuma idan aka rufe shi ya yi kwanaki yana huci, sanyin cikinsa yakan fi na sararin da ke tsakanin taurari. A wannan sanyin alminiyom yake canza hali. Wutar lantarki takan bi ta cikinsa ba tuntuɓe, ba gajiya, ba asarar komai, ta iso bangon tsatsar nan ta ratsa shi kamar babu shi. Shekara da shekaru ina kallon abin nan, amma wallahi har yau yana sa tsikar jikina ta tashi. Kowace na'ura tana kaɗawa da nata sauri, mu kuma muna kiran wannan muryarta. Kunne ba ya ji. Layi ne kawai a fuskar kwamfuta, ya yi ɗan lotsawa a wani wuri. Bango siriri, murya a sama. Bango mai kauri, murya a ƙasa. Na'urorin Mai Tukunya kuwa, duk tsawon shekarun nan, muryarsu a wuri ɗaya take tsayawa, har baƙi daga wasu wuraren bincike sukan tambayi Farfesa wane irin inji take amfani da shi.

Asalinsa ɗan mai gyaran rediyo ne. A shagon babansa ya tashi, cikin ƙaurin dalma da tsofaffin batura. Rediyon gidanmu ce ta kawo shi wurinmu, ya gyara ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ta sake mutuwa. Ya dawo ya gyara. Ta sake mutuwa. Babanmu har ya fara cewa yaron nan bai iya aiki ba, ni kuwa ina ƙarama amma na ga Yaya da idona tana zare wata 'yar waya da tsinken kitso. Shi ma ya sani, munafuki, domin kullum wayar nan ɗaya yake mayarwa, amma sai ya ɓata rabin yini a kai. Bayan aurensu ya samu aikin gyaran famfunan zuƙe iska a wurin binciken nan, daga nan hannunsa ya kai shi bakin Tukunya. Shi ne ya kawo mini labarin ana neman mai awo lokacin da na gama karatu.

Yaya tela ce, a gida take ɗinki. Ɗakinta na nan a idona: keken ɗinki a bakin taga, ƙyallaye a ƙasa, allurai a soke a gaban rigarta, teburin guga a jikin bango. Ba ta taɓa ba mutum kayansa ba tare da ta goge ba, kuma ba ta taɓa guga ba tare da waƙa ba. Waƙa ɗaya ce tak, ita ta ƙirƙiro abarta, ba ta da suna. Karin ba ya canzawa, amma baitocin duk abin da ke gabanta ne.

"Ga wuya ya kwanta, ga hannu ya ƙi," haka za ka ji ta, "maigida na jiran shayi, to ya ci gaba da jira."

Shi kuma yana zaune a kujera yana murmushi kamar an yabe shi. Waƙar takan yi tsawo, ta hau ta sauka, ta zagaya ta dawo, sannan ta ƙare daidai lokacin da Yaya za ta tsayar da dutsen guga a kan gindinsa, ƙwas.

Ciwon da ya kama Yaya bai ja lokaci ba. Da damina ta kwanta, kafin ruwa ya ɗauke ta tafi, Allah ya jiƙanta. Ba zan iya faɗin yadda na ji ba, ita ta goya ni. Shi kuwa bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya bar keken a inda yake, ya bar dutsen guga a tsaye yadda ta bar shi. 'Yarsu da ke aure a wani gari mai nisa ta gyara masa ɗaki a gidanta, ta yi ta roƙo a waya.

"Baba, ka dawo wurinmu mana. Me kake tsarewa a can kai kaɗai?"

"Tukunya fa?" in ji shi. "Wa zan bar wa?"

Ni na san gaskiyar maganar. A gida mutumin nan inuwa ne, yana bin bango. A bakin Tukunya ne kawai bayansa ke miƙewa. Na san idan aka raba shi da ita aka kai shi ɗakin can ya zauna yana kallon labule, ba zai daɗe ba.

To a wannan lokacin ne Farfesa ta ɗauko babban burinta. Farfesa mace ce doguwa mai magana a hankali, wadda takan manta shayinta a duk inda ta tsaya. Akwai wani irin dutse da take so, mai ban al'ajabi: cikinsa ba ya ɗaukar wutar lantarki ko kaɗan, amma fatarsa ta waje tana ɗauka, kuma ko ka karce fatar, wutar sai ta zagaye ta ci gaba da tafiya. Ta ce idan aka haɗa wannan dutse da alminiyom ɗinmu, wataƙila a samu na'urar da ba ta saurin mantuwa kamar na yanzu. Ɗalibanta sukan yi makonni suna ɓare dutsen da salatif, suna duba ta madubin ƙara girma, kafin su samu ɓawo ɗaya mai kyau. Kowane ɓawo kamar ƙwan da aka ba ka riƙo yake, kuma duk sai sun bi ta Tukunya.

Nan muryoyi suka fara sauka.

Da farko kaɗan ne, na ce wayoyina ne. Na kwance, na goge, na ɗaura. Zubin na'urori na gaba ya fi sauka. Na bayansa ya fi. Na'urorin ba su mutu ba, amma muryarsu ta yi ƙasa da inda sauran kayan aikin za su iya magana da su, wato wahalar ɗaliban nan ta tafi a banza. Aka canza tulun oksijin, aka canza alminiyom, aka duba kowace roba a jikin Tukunya. Komai lafiya lau.

Wata safiya Farfesa ta kira mu ofishinta, ni da shi.

"Baba," ta ce, don haka take kiransa idan magana ta yi nauyi, "ba laifinka nake gani ba. Ina jin Tukunya ce ta tsufa. Ka san an kafa sabon inji a bene, mai yin komai da kansa. Saura mana ɓawon dutse 'yan kaɗan. Idan zubi na gaba ya fito haka, dole in mayar da aikin can, a rufe ta."

Ya dubi hannayensa.

"Ranki ya daɗe, Tukunya lafiyarta ƙalau," ya ce.

"To me ya canza?"

"Ban canza komai ba."

Kuma na san ba ƙarya yake yi ba, don mutumin nan ko a wasa bai iya ta ba.

Ni ba na son shiga ɗaki mai tsabta, inda Tukunya take. Sai ka cire agogo da zobe, ka wanke fuska tas, ka sa farar riga mai haɗe da wando, hula, takunkumi, safar hannu, safar takalmi, ka koma kamar buhu mai ido. Amma ranar na sa na bi shi. Ciki fitilu rawaya ne, don farin haske yana ɓata mana zanen da muke yi a kan silikon. Komai ya zama ruwan zuma, har fararen rigunan. Iska na saukowa daga rufi a hankali ba ta tsayawa, injuna na gurnani ƙasa-ƙasa, mutane na wucewa ba ƙarar takalmi. Idan ka daɗe a ciki sai ka manta ko safe ne ko yamma, ka fara jin kamar a ƙarƙashin ruwa kake tafiya.

"Auta, yau kuma bincike aka turo ki?" ya ce ta cikin takunkumi.

"Na zo in ga ko barci kake yi a tsaye."

Ya sa faifan gwaji. Na leƙa ta 'yar tagar na ga alminiyom ya yi ja, ya yi fari, ya narke yana rawa. Shimfiɗar farko ta kwanta. Ya ɗora hannu a kan famfo ya murɗa. Na ɗaga kai in ga agogon bango, sai na lura ashe daga inda yake tsaye ginshiƙi ya tare agogon. Na juyo in yi magana, na ga idanunsa a rufe.

Sai na ji wani abu a ƙarƙashin gurnanin injuna. Na matsa kusa har kafaɗata ta taɓa tasa. Guna-guni yake yi a maƙogwaro, a hankali, yana ja, kowace gaɓa sai ta yi kamar ba za ta ƙare ba. Na yi ta saurare ban gane ba. Sai da ya kai wurin da karin ke hawa ya juyo, wurin da hannun riga ke ƙin kwanciya, sannan na gane ta. Waƙar Yaya ce. Ya ja ta, ya ja ta, har ta zama wata aba daban mai nauyin gaske. Na tsaya cikin hasken nan rawaya ina kuka, ba damar share hawaye, takunkumi ya jiƙe. Da ya kai ƙarshe sai ya rufe famfon, ya buɗe ido.

A bencin da ke bayan ginin muka zauna, ƙarƙashin bishiya, kowa da kofin shayinsa.

"Tun yaushe?" na ce.

Ya gane abin da nake nufi. Ya yi ɗan murmushin kunya.

"Tun farkon zuwana bakinta. Wata rana na buɗe famfo, na leƙa agogo na tarar ya tsaya. Hankalina ya tashi. Ban san sanda na kama waƙar yayarki ba, don in samu abin riƙewa. Da ta ƙare na rufe. Zubin nan ya fi duk na baya kyau. Daga ranar ban sake leƙa agogo ba. An ma matsar da shi ban damu ba."

"Kuma ba ka gaya wa kowa ba?"

"In ce me? In ce da waƙar guga nake awo? Yayarki kaɗai na gaya wa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce to a riƙa biyanta albashi." Ya juya kofin a hannunsa. "Amma ba daga nan ba ne, Auta. Ko gaɓa ɗaya ban rage ba, ban ƙara ba. Yadda take yin ta haka nake yi."

Na so in yi shiru, Allah ya sani. Amma ni bakina bai iya ajiya ba, kuma Tukunya ake shirin rufewa.

"Mijin Yaya, ba haka take yin ta ba."

Ya dube ni.

"Ka ja ta. Tun da ta rasu kake ƙara ja. Da Yaya ta taɓa yin ta da wannan nauyin, ai da ba rigar da za ta fita gidanku ba ƙuna."

Na zaci zai musa. Bai musa ba. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya zuba wa tururuwa ido. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Kullum idan na rufe ido ina jin ta. Na ɗauka ita nake ji. Ashe kaina nake ji."

Ya ɗago kai ya tambaye ni:

"To yaya take yin ta? Yi mini."

Na gwada. Ni dama muryar kwaɗo gare ni, Yaya ta sha faɗa, ga shi kuma na rasa saurin, in na yi gaba sai in ji na yi gaggawa, in na dawo sai in ji na yi nawa. Muka kira 'yarsa a waya ta rera, ita kuma ta mayar da ita waƙar lallashin jariri. Kowannenmu da tasa. Duk hotunan da muke da su a waya, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar muryarta tana guga. Wa zai ɗauki abin da yake ji kullum? Ya tashi ya koma ciki, kuma ranar na ga bayansa a sunkuye har a bakin Tukunya.

Na koma ɗakin firji na zauna ina kallon fuskar kwamfuta ba tare da ina ganin komai ba. Firji na ta numfashinsa. A can ƙasan faya-fayan akwai wata na'ura da muke kira Tsohuwa. Ta daɗe a wurin, ba ma cire ta, da ita muke gwada ko kayan awonmu na faɗin gaskiya, don muryarta ba ta motsi. Layinta na nan a gefe kullum, na saba da shi har na daina ganinsa. Ina kallonsa sai wani abu ya faɗo mini a rai. Mai Tukunya ne ya ƙera Tsohuwa, a shekarun da Yaya ke da lafiya, tana guga tana tsokanarsa. Kaurin bangon da ke cikinta tsawon waƙar ne, yadda mai ita take yi. Duk shekarun nan waƙar yayata na kwance a cikin sanyin nan, a gabana, ina ce mata layin gwaji.

Na tashi na tafi wurin Farfesa na zayyana mata komai. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kina nufin duk abin da muka wallafa, da waƙar guga aka auna shi?"

"Da ita, ranki ya daɗe."

Ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta koma wani abu, ta nemi hankici. Sannan ta ce mu ɗebi guntayen silikon marasa amfani mu gwada yadda muke so kafin a taɓa ɓawon dutsen. Amma ta ɗora sharaɗi. Ko mun samu ko ba mu samu ba, daga yanzu da agogo mai ƙararrawa za a riƙa rufe famfo. Gaskiyarta ce, ban ja ba.

Ya yi zubi da yawa, kowane da nasa sauri: wannan yadda ya saba, wannan da ɗan hanzari, wannan a cewarsa da gudu. Na jera su a firji, muka rufe, muka jira sanyi ya sauka. Kwanakin jiran nan ya riƙa zuwa yana zama kusa da ni, yana kallon firjin kamar mai jiran a fito da wani daga ɗakin haihuwa. Da layukan suka fito, duk suna ƙasa da Tsohuwa. Har wanda ya ce ya yi da gudu.

"Ƙirjina ne ba ya bari," ya ce. "Ina farawa da sauri, in na kai tsakiya sai in tuna."

Ranar hutu da hantsi na dira gidansa ba sallama mai tsawo. Na wuce ɗakin Yaya, na buɗe taga, na kaɗe ƙurar teburin, na jona dutsen guga. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar na taɓa masa ciwo.

"Auta, me kike yi haka?"

"Ɗauko rigunanka. Dubi wuyan wadda ke jikinka, kamar akuya ta tauna. Da Yaya ta gan ka haka ai da ni za ta yi wa faɗa."

Ya ɗauko. Na miƙa masa dutsen, ya riƙe shi kamar bai taɓa ganin irinsa ba, mutumin da ke sarrafa abin da ido ba ya gani. Na ce ya goge yana rerawa. Ya fara da jan nan nasa, dutsen na zaune a wuri ɗaya yana jiran gaɓa ta ƙare. Ƙauri ya tashi. Ya ɗaga, ga tambarin dutsen baƙi ƙirin a bayan farar riga.

"Ka gani ko?" na ce. "Sa wata."

A ta biyu ya ji tsoron ƙuna, hannunsa ya fara tafiya. Hannu ya tafi, waƙa ta bi shi. Ya kai gefe ya dawo, ya juya rigar, ya bi layin maɓallai, tururi na tashi cikin hasken taga. Ina tsaye na ji karin yana sauƙi, yana ɗagowa, kafaɗarsa ta fara ɗan motsi irin na Yaya. Sai ga baitoci sun fito daga bakinsa, shi da bai taɓa yin ta da kalmomi ba.

"Ga wuya ya kwanta, ga hannu ya ƙi, Auta ta ƙona mini riga, ta tsaya tana kallo."

"Ni na ƙona? Kai dai ka ji kunya!"

Ya kai ƙarshe ya tsayar da dutsen a gindinsa, ƙwas. Ɗakin ya cika da ƙamshin tufa mai zafi, har na waiga wajen keken ɗinki.

"Ashe waƙar farin ciki ce," ya ce a hankali. "Na manta tana cikin jin daɗi take yin ta."

Ranar ya goge duk abin da ke cikin akwatinsa, har da zanen gado.

Da muka koma aiki na sake sa buhun nan na bi shi. Ya murɗa famfo da hagu, ya rufe ido, hannunsa na dama kuma ya tashi yana kai da komo a iska, yana goge rigar da babu. Wata ɗaliba ta tsaya tana kallo, na harare ta ta wuce. Farfesa na tsaye a baya da agogo a hannu, ta danna da ya buɗe, ta danna da ya rufe.

Muka sa a firji muka jira. Ranar da sanyi ya kai, shi da Farfesa suna tsaye a bayana. Layin ya fara zana kansa daga hagu, a miƙe, a miƙe, ya matso kusa da na Tsohuwa. Sai ya lotsa, ya kwanta a kansa daidai, har ba ka iya cewa biyu ne. Ban juya ba, don na ji yadda numfashinsa ya canza a bayana.

Aka ƙera na'urorin dutsen Farfesa a Tukunya, muryoyinsu suka tsaya inda ake so. Abin da Farfesa ke nema a cikinsu har yanzu ba ta gama gani ba, ta ce akwai alama, kuma da alama ake rayuwa a wannan sana'a. Sabon injin bene yana nasa aikin. Ɗakin da 'yarsa ta gyara ya zama na baƙi, yakan je ya yi musu kwana biyu ya dawo da rigunansa a goge.

Agogo mai ƙararrawa yana manne a jikin Tukunya yanzu, an saita shi a kan abin da Farfesa ta auna ranar, wato tsawon waƙar yadda Yaya ke yin ta. Na zaci zai tsane shi. Ina! Har goge shi yake yi. Yana murɗa famfo sai ya danna shi, ya rufe ido ya kama waƙa. Wasu ranakun nauyin yakan dawo, ƙararrawa ta buga yana tsakiya. Sai ya rufe famfon ba gardama, in mun haɗu a benci ya ce mini, "Yau yayarki ta riga ni." Ni kuma in ce ai dama kullum ita ke jiran ka.

Jiya ina wucewa ta bakin gilashin ɗaki mai tsabta na hango shi cikin hasken nan rawaya, hannun dama na tafiya a iska. Ba na jin komai ta gilashin, amma na san waƙar, na bi ta a zuciyata. Hannun ya kai gefe, ya dawo, ya ɗaga ya tsayar da dutsen da babu, kuma a daidai nan 'yar fitilar agogon ta kama, alamar lokaci ya cika. Ya rufe famfo. Da ya fito ya zare takunkumi, idanunsa jajur, amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Auta," ya ce, "yau tare muka gama."